Ranar da Muka Ƙirga Sito Ba a Buɗe Kwali Ba

Laraba, da dare.

Yau aka yi ƙidayar kaya a siton kamfanin da nake aiki, kuma a karon farko mun yi ta da fasahar nan ta gane kaya ta igiyar rediyo, wadda ake kira RFID. Ranar ƙidaya rana ce da ma'aikacin sito ba ya ɗokin zuwanta, domin akan rufe ƙofar fitar da kaya, a dakatar da oda, a sauko da kwalaye daga kanta ɗaya bayan ɗaya, a nemo lamba mai layi-layi a jikin kowane abu a haska ta, sa'an nan a mayar da komai mazauninsa. Yau kuwa na'urar hannu kaɗai na riƙe, na bi tsakanin kantoci a hankali ina kaɗa ta sama da ƙasa, adadi yana ta hauhawa a fuskarta, kuma kafin tsakar rana mun kammala ɓangaren tufafi da takalma.

Wani matashi da aka ɗauka aiki kwanan nan ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Malam, ta ina take ganin abin da yake cikin kwali?" Na ce masa ba gani take yi ba, kira take yi ana amsa mata, kamar malamin da yake kiran suna a aji. Kowane kaya an manna masa ɗan sitika mai ɗauke da ƙwayar lantarki ƙanƙanuwa da siririyar eriya. Irin namu ba shi da batir ko kaɗan. Daga igiyar da na'urar take aikowa yake samun ɗan ƙarfin da zai mayar da lambarsa. Yana aiki ne a zangon da ke tsakanin megahaz 860 da 960, ana iya karanta shi daga nisan 'yan mitoci, kuma na'ura guda tana iya jin ɗaruruwansu a cikin daƙiƙa. Abin da na fi so yaron ya riƙe shi ne bambancin lambar kanta. Lamba mai layi-layi tana faɗin nau'in kaya ne kawai, ta yadda riguna dubu masu launi ɗaya da girma ɗaya duk lambarsu ɗaya ce. Sitikan RFID kuwa kowanne da tasa lambar, bisa tsarin da GS1, ƙungiyar duniya mai tsara lambobin kaya, take kula da shi, don haka ba za a ƙirga riga guda sau biyu ba ko da an bi ta gabanta sau goma.

Saurin aikin ya burge kowa, amma ni abin da ya tsaya mini a rai ya bayyana ne lokacin da muka ɗora sakamakon ƙidayar a kan abin da kwamfuta take da shi. An samu takalma masu yawa waɗanda lissafi ya ce sun ƙare tun tuni, alhali suna nan a can saman kanta a cikin kwalin da aka rubuta wa wani suna daban. An kuma samu akasin haka, wato kayan da kwamfuta ta nace suna nan, amma babu su babu alamarsu. Kowanne daga cikin biyun asara ce, sai dai hanyarsu ta bambanta. A na farko, an mayar da masu saye hannu rabbana, an kuma sake yin odar abin da muke da shi, jari ya kwanta sau biyu a kan abu guda. Na biyun ya fi muni a ganina, domin muddin kwamfuta ta yarda kaya yana nan ba za ta taɓa neman a ƙaro shi ba, sai gurbin ya zauna fayau wata da watanni, ana karɓar odar abin da ba za a iya aikawa ba, a dawo ana ba mai saye haƙuri.

Wannan giɓi tsakanin littafi da kanta ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. Masu bincike na ɗakin gwajin RFID a Jami'ar Auburn ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa a shagunan da suka dogara ga ƙidayar hannu, daidaiton lissafin kaya yakan tsaya a wajen kashi 65 cikin 100, amma idan aka manna wa kowane abu sitikansa yakan kai kashi 95 ko fiye. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar hannu tana cin lokaci da kuɗi, shi ya sa ake yin ta sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuma daga ranar da aka gama ta kuskure yake fara taruwa: an karɓi kwali da ragi ba a lura ba, an ajiye abu ba a wurinsa ba, an dawo da kaya ba a shigar ba, wani kuma ya bi ta aljihu. Idan ƙidaya ta zama aikin sa'a guda, ana iya yin ta kowane mako, sai a kama kuskure tun yana ɗanye, tun ana iya tuna wanda ya karɓi kayan da motar da ta kawo su. A nan ribar take. Wanda ya amince da lissafinsa ba ya buƙatar tara kaya fiye da kima don gudun yankewa, kuma kuɗin da da zai kwanta a kanta sai ya juya a wani wuri.

Da muke hutun rana, manajanmu ya tuna mana cewa fasahar ba sabuwa ba ce, kuma ta taɓa ba mutane kunya. A 2003 Walmart, babban kamfanin shaguna na Amurka, ya umarci manyan masu kawo masa kaya guda 100 da su sa sitikan RFID a kwalaye da katakon ɗora kaya kafin Janairun 2005. Wani nazari na Jami'ar Arkansas ta Amurka a 2005 ya nuna yankewar kaya a kanta ta ragu da kashi 16 cikin 100 a shagunan da aka gwada, amma sitikan suna da tsada a lokacin, masu kawo kaya suka ga su ne da biya wani ne da cin moriya, sai abin ya yi sanyi. Harkar tufafi ce ta farfaɗo da shi, domin riga ɗaya tana da launuka da girma barkatai, kuma mai saye da bai samu daidai jikinsa ba tafiyarsa yake yi. Kamfanin tufafi na Zara ya fara shimfiɗa tsarin a shagunansa a wajen 2014, Walmart ma ya dawo ya faɗaɗa umarninsa a 2022 zuwa kayan gida da na wasan yara da na lantarki. Kamfanin jiragen sama na Delta kuwa ya zuba dala miliyan 50 a 2016 domin bin sawun jakunkunan fasinjoji da wannan fasaha.

Da yamma muka koma kan kadarorin kamfani, waɗanda ba na sayarwa ba ne: kwamfutocin hannu, injinan huda, kekunan ɗaga kaya, da akwatunan roba da muke aikawa da kaya a cikinsu a dawo mana da su. Akwatunan nan su ne suka fi sulalewa, domin babu wanda yake ɗaukarsu a bakin komai sai ranar da aka zo sayen sababbi. Akantanmu ta fi kowa murna, saboda duk ƙarshen shekara sai ta yi ta zagaye da takarda tana neman injin da yake cikin littafin kadara amma babu wanda ya san inda yake. Yanzu kowane inji yana da lambarsa, da wanda ya ɗauke shi, da ranar da za a yi masa gyara. An kuma kafa na'ura a ƙofar lodi wadda take karanta duk abin da ya wuce, kuma tun yau ta yi ƙara a kan wani kwali da ake shirin ɗorawa a motar da ba tasa ba. Da ya tafi, da sai an biya kuɗin dawo da shi, an biya na sake aikawa, ga ɓacin ran mutum biyu.

Ba ko'ina abin ya tafi sumul ba. A layin man wanke gashi da kayan gwangwani na'urar ta riƙa tsallake abubuwa, domin ruwa yana shanye igiyar, ƙarfe kuma yana karkatar da ita, sai an sayo sitika na musamman mai ɗan kauri wanda ya fi tsada. A wani lungu kuma ta jiyo kayan da suke bayan bangon katako ta haɗa su da na ɗakin da muke ciki, sai da aka rage mata ƙarfi. Akwai kuma abin da ya kamata kowa ya sani, cewa sitika take ji ba kaya ba. Idan an ɓalle shi an jefa a bayan kanta, za ta ci gaba da shaida cewa rigar tana nan.

Kafin a tashi manaja ya tambaye ni ko ina ganin a sa wa komai sitika. Na ce, "Yallaɓai, a fara da abin da yake da tsada, da abin da yake da nau'i da yawa, da abin da yake yawan ɓata. Abin da ribarsa ba ta kai kuɗin sitikan ba, a manna wa kwalinsa kaɗai." Na ƙara da cewa manna su da hannu a nan sito zai cinye rabin lokacin da muka samu, don haka gara a nemi masana'antun da suke kawo mana kaya su manna tun daga can, a kuma raba nauyin kuɗin da su ta yadda ba za su ji an ɗora musu ba. Ya amince a fara ƙidayar mako-mako a ɓangaren tufafi da takalma, ya kuma ce in kawo masa jerin kayan da lissafi ya saɓa a kansu, tare da sunan mai kawo kowanne, kafin taron Litinin.