Kafin Ka Bar wa Na'ura Canjin Ruwan Kifinka

Ƙanena, na san abin da ya sa kake son haɗa na'urar da za ta riƙa canza wa kifinka ruwa. Tankin lita 200 sai ka kwashe masa lita 50 duk mako, ka sake cikawa da bokiti, bayanka na ciwo. Ni ma gajiyar nan ce ta sa na sayi allon Arduino, wato 'yar ƙaramar kwamfuta da ake tsara wa aiki, da ƙananan famfuna biyu da bawul na lantarki mai buɗe ruwa da rufe shi. Ka haɗa naka, amma ka fara jin inda na yi tuntuɓe.

Daren farko da na bar shi shi kaɗai, na tsara famfon kwashewa ya yi minti 5 ya tsaya. Ya kuwa tsaya, ruwan ne ya ƙi tsayawa. Bakin tiyon da ke zubarwa yana ƙasa da tanki, kuma da zarar tiyo ya cika, ruwan da ke gangarowa shi ke ci gaba da janyo na ciki, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota. Da gari ya waye na tarar ruwan ya kusa ƙarewa. Kifayena sun kwanta a kan tsakuwa suna haki, hita ta fito fili tana ci har gilashinta ya tsage. Uku daga cikinsu ba su tashi ba, har da wanda na fi shekara biyu ina kiwo.

Abin da zai hana wannan ɗan ƙaramin rami ne. Ka huda bututun kwashewa daidai inda kake son ruwa ya tsaya. Da ya sauko nan, iska ta shiga, zuƙar ta yanke. Abin da ya fi shi ma, ka yi wa tanki mafitar ambaliya a sama, ka riƙa zuba sabon ruwa kawai, rarar ta fita da kanta. Sai dai ka yi lissafi: sabo da tsoho suna cakuɗuwa suna fita tare, don haka in ka zuba rabin tanki ta wannan hanya, abin da ya canza kusan kashi 39 ne cikin 100, ba 50 ba.

Kuskure na biyu, na jona tiyo kai tsaye da ruwan famfo. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, wani wurin kuloramin, wato kulorin da aka haɗa da amoniya. Kulorin yakan fita in ruwa ya kwana a buɗe ana kaɗa shi da iska, kuloramin kuwa sai an sa masa magani. Ba kifin kaɗai suke cutarwa ba, har ƙwayoyin halittar da ke zaune a matatar ruwan tanki, masu mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta koma nitrait, nitrait kuma nitret. Da suka ragu, amoniya ta hau, kifi suka taru a sama suna haɗiyar iska. Yanzu ina da durom a gefe, a ciki nake sa magani, da hitarsa, don ɗuminsa ya zo daidai da na tanki.

Kada kuma ka amince wa makunni mai iyo, wanda ke kashe famfo in ruwa ya ɗaga shi, guda ɗaya. Nawa, dodon koɗi ne ya hau kansa ya danne shi, famfo ya yi ta zubawa har ruwa ya malale ɗaki. Sa biyu, na biyun a sama kaɗan, wayarsa ta yanke wutar famfo kai tsaye ba sai ta bi ta Arduino ba. Ka kuma sa wa famfo iyakar lokaci. Bawul ya zama irin wanda ke rufe kansa in wuta ta ɗauke. Soket ya kasance sama, waya ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta kai gare shi, don ɗigon ruwa ya faɗi ƙasa.

Dattin da ke cikin tsakuwa na'ura ba ta kwashe shi, wannan aikin hannunka ne har yanzu.

Kafin ka jona komai da tankin da ke da kifi, gwada shi mako guda da bokitai biyu. Yana tsakiyar aiki ka zare filogi, ka danne makunnin da yatsa, ka matse tiyo, ka tsaya ka ga inda ruwan zai bi.