Maganin fitsarin da ya rikita mana Baba

Duk mai tsoho a gida da aka ɗora wa donepezil, maganin ciwon mantuwa na Alzheimer, don Allah ya tattara duk magungunan da ke ɗakin, har na kemis, ya kai wa likita ya duba su tare. Mu babu wanda ya ce mana haka, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Da aka ce Alzheimer ce, Baba ya fara da miligiram 5, daga baya aka mayar 10. An faɗa mana gaskiya, ba ya warkarwa. Duk da haka mun ga ɗan sauƙi, ya rage tambayar ko an yi la'asar alhali yanzu ya sallame. Sai fitsari ya fara kufce masa. Mutumin da ya daɗe yana limanci a unguwa, shi ne yake cusa jiƙaƙƙen wando a bayan katifa. Muka kai shi wani asibiti kusa da gida, aka rubuta oxybutynin, ba a ko tambayi me yake sha ba. Shimfiɗa ta bushe, muka yi ta godiya.

Baba kuwa ya rikice. Baki a bushe, bayan gida sai da ƙyar, da dare yana ganin mutane tsaye a bakin ƙofa. Da barci ya gagara aka ƙaro masa Piriton daga kemis. Kowa ya ce ciwon ne ya yi nisa, sai haƙuri da addu'a.

'Yar yayana mai karatun haɗa magunguna ce ta zo hutu, ta zazzage ledar a kan tabarma, ta ce, "Baffa, wa ya haɗa wa Malam waɗannan? Ai tufka da warwara ake yi."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Akwai sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, asetilkolin. Tun 1976 masu bincike a Birtaniya suka nuna cewa jijiyoyin da ke samar da shi suna lalacewa a ƙwaƙwalwar mai Alzheimer. Aikin donepezil, wanda Amurka ta amince da shi a 1996, shi ne hana ɗan abin da ya rage saurin rushewa. To amma saƙo sai da makarɓa. Masu karɓarsa na jinsin muskarin iri 5 ne, M1 zuwa M5: M1 ya fi yawa a sashen tunawa na ƙwaƙwalwa, M2 a zuciya, M3 a mafitsara da hanji da inda yawu ke fitowa. Ke nan mai yiwuwa donepezil ɗin ne ma ya tayar da mafitsarar tun farko. Shi kuma oxybutynin da ya zo toshe M3, ba ya tsayawa nan, yana ratsawa ƙwaƙwalwa ya toshe M1. Piriton ma yana da wannan hali, haka Exol ɗin da matasa ke haɗiya. Muna kashe kuɗi kan wani magani, muna sake kashewa kan mai rusa aikinsa. Tambaya ɗaya tak, "me yake sha?", da ta raba mu da wannan wahala.

Likitan ƙwaƙwalwa ya janye oxybutynin da Piriton, ya ce mu riƙa kai shi bayi a kan lokaci, mu rage masa shayi da yamma, a riƙa duba bugun zuciyarsa tunda donepezil yana iya rage shi. Ya ce in ya zama dole akwai wani maganin fitsarin, trospium, wanda da ƙyar yake shiga ƙwaƙwalwa. Wannan halin nasa ne ma ya sa aka haɗa shi da xanomeline, mai tayar da M1 da M4, aka sami Cobenfy da Amurka ta amince da shi a Satumbar 2024 don sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali: ɗaya ya yi aiki a ka, ɗaya ya kare ciki da mafitsara. Can an haɗa da lissafi, mu namu haɗin ganganci ne.

Gane-ganen dare sun tafi, yana gane jikokinsa, amma bai koma yadda yake kafin maganin fitsarin ba. Wanki kuwa ya dawo sabo. Ƙanwata, wadda ita ke yin sa, ta fi kowa murnar dawowar hankalinsa, amma duk safiyar da ta ɗauko zanen gado sai ta tambaye ni yaushe za mu koma a yi maganar trospium ɗin nan.