Rami na 7 ya daina cin ƙwallayena

Jiya na rubuta bugu 97 a katin wasan golf, wasan da ƙarancin bugu shi ne nasara. Karo na farko ke nan da na sauko ƙasa da 100 a ramuka 18, bayan wata 19 ina fama, kuma sai da na ƙirga katin sau uku a cikin mota kafin na yarda. Abin da ya sa nake ba ku labari shi ne, buguna bai gyaru ko kaɗan ba. Har yanzu direbata, sandar bugu mafi nisa, tana karkata dama kamar mai bin bashi, har yanzu nakan daki ƙasa kafin ƙwallo. Sandar da nake zarowa daga jaka ce kawai ta canza, kuma rami ɗaya ne ya tilasta mini.

Rami na 7 ne a filin da nake wasa. Par 3 ne, wato bugu uku ake sa ran gwani ya gama shi da su, yadi 152 zuwa tsakiyar girin, lallausar ciyawar da ramin yake ciki, da tafki shimfiɗe a gaba. Ruwan yana ƙarewa a wajen yadi 132, sai ɗan tudu, sai bakin girin a 138, ƙarshensa kuma a 166. Na san waɗannan lambobin yanzu kamar sunana. A da 152 kaɗai na sani, domin ita ce a rubuce a kan allo, ni kuma a kaina na riga na yanke cewa ayon 7 ɗina, sandar ƙarfe mai lamba 7, tana kai 150. Daga ina na samo wannan? Wata rana ce can baya na buga ƙwallo daidai tsakiyar fuskar sandar, iska na bayana, ƙasa a bushe, ta sauka ta mirgina har 150. Tun daga ranar na ɗaura mata wannan lamba, ban sake tambayarta ba.

Na koma kan tsofaffin katunana na duba. A wasa tara na baya, ƙwallo 14 na jefa a wannan tafki. Kwali guda cur da ƙarin biyu, a rami ɗaya, kuma ba masu arha nake saya ba, don na ruɗi kaina cewa ƙwallo mai tsada za ta rage mini karkata. Wannan asarar ta yi mini ciwo, amma ta kati ta fi. Turakun tafkin rawaya ne, ga abin da hakan ke nufi idan ƙwallo ta faɗa ruwa: tarar bugu ɗaya, sannan ko ka maimaita daga ti, wurin bugun farko, ko ka ja baya a kan layin tuta da wurin da ta shiga. Babu zancen ajiyewa a gefe kamar a jan turke. Ko wanne ka zaɓa, ruwan nan na gabanka, kana bugu na uku da hannu mai rawa. Shida nake tashi da ita a ramin nan galibi, sau biyu ma takwas. Kuma ba ya tsayawa a nan, fushin yakan bi ni rami na 8 da na 9.

Maganin da na fara nema duk shirme ne. Na ce ƙarfi ne bai isa ba, na riƙa kai wa ƙwallon duka kamar mai faskare, ta riƙa tashi sama tana faɗowa a wuri ɗaya ko ma kusa. Na canza riƙo. Na canza tsayin ti. Har weji, sandar ɗaga ƙwallo sama a gajeren bugu, mai digiri 60 na saya, wai don in riƙa ɗaga bugu na uku ya tsaya kusa da tuta, wato na sayi sandar gyaran ɓarna maimakon in daina ɓarnar. Kuɗinta ya kai na shiga fili sau huɗu, kuma ita ce sanda mafi wuyar sha'ani a jakata. Ko ta zame ƙarƙashin ƙwallon ta bar ta a gabana, ko bakinta ya yanke ta ta wuce girin kamar harsashi.

Wani dattijo da aka haɗa mu wasa ne ya yi mini hannunka mai sanda. Shekarunsa sun haura saba'in, bugunsa gajere, amma ƙwallo ɗaya ya fara da ita kuma da ita ya gama. Bayan na jefa tawa a ruwa, muna isa girin sai ya ce, "Ɗana, zo mu leƙa baya." Muka zagaya. Ciyawa ce gajera, lumui, babu ramin yashi, babu itace, fili ya kai yadi 20 kafin a tarar da wani abu. Ya ce in nuna masa sawun sanda ko ɗaya a wurin. Babu. Na ce, "Baba, ai ba wanda yake zuwa nan." Ya yi dariya ya ce shi ya sa yake son wurin.

Ban ji maganarsa nan take ba, kunnen ƙashi gare ni. Sai da na ƙara zubar da biyu a makon da ya biyo baya, sannan na je na auna. Ban yi awon a filin atisaye ba, don ƙwallayen can sun sha duka, ba sa tafiya kamar na wasa. Na sami yamma da babu kowa, na ɗauki irin ƙwallon da nake wasa da ita, wani aboki ya tsaya can gefe yana kafa alama a wurin da kowace ta fara taɓa ƙasa, ba inda ta tsaya ba. Wannan bambancin shi ne komai, domin tafki bai san mirgina ba. Bugu 20 da ayon 7. Mafi nisa ta sauka a 149, mafi muni a 118, ta tsakiya kuma 134. Tara daga cikin 20 ba su kai 132 ba. Ashe duk lokacin da na tsaya a ti na 7 da wannan sanda, kusan canki-canka nake yi, tun ma kafin a sa iska a lissafi, ga shi kuma a ramin nan yawanci a fuska take bugowa. Iskar gaba tana cin nisa fiye da yadda ta baya take ƙarawa, kuma idan ka ƙara ƙarfi sai ƙwallon ta ƙara juyawa, ta hau sama, iskar ta samu abin kamawa. Wato faskaren da nake yi ƙara wa kaina wahala ne.

Ayon 6 ta ba ni 143 a tsakiya, haibirid 5 kuma, sandar da ke tsakanin ayon da manyan sandunan nisa, 156, mafi muninta 137. Da na ga 137 ɗin nan sai na yi shiru. Bugun da ya fi kowanne lalacewa da haibirid ya tsallake ruwa da yadi biyar. Mafi kyawunta, 168, ya wuce girin da yadi biyu, ya faɗa a ciyawar Baba inda ba kowa.

Saura girman kai, kuma kada ku raina shi. Zaro haibirid a rami mai yadi 152, alhali abokan wasa na riƙe da ayon 8, yana da nauyi a hannu. Wani ma ya tambaye ni ko rami na gaba nake nufa. Kati dai ba shi da gurbin rubuta lambar sanda.

Jiya tuta tana gaba, ta dama, kusan yadi 143, irin wurin da ke kiran mutum ya zo ya mutu. Ban ko harba mata na'urar awo ba. Na zaro haibirid na nufi tsakiyar girin ta hagu kaɗan, don in bar wa karkatata wuri. Kuma ku ji abin dariya: bugun bai yi kyau ba. Ta ƙasan fuska na same ta, na ji zafinsa a yatsu, ta tafi ƙasa-ƙasa tana lanƙwasa dama. Da ayon 7 ce da tuni kifi sun karɓa. Ta sauka a bakin girin, ta gangara ta tsaya taku bakwai daga rami. Bugu biyu da fota, sandar mirgina ƙwallo cikin rami, par. Na ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci kofi, ban ji kunyar kowa ba.

Daga nan sai abin ya bazu zuwa sauran ramukan ba tare da na shirya ba. Na manna 'yar takarda a jaka mai lambobin saukar kowace sanda, na tsakiya ba na alfahari ba. Duk bugun shiga girin, nisan ƙarshen girin nake dubawa in zaɓi sandar da kyakkyawan buguna zai kai can, tunda na san sau nawa kyakkyawan yake zuwa. Girin biyar na hau cikin ƙa'ida jiya, wato da sauran bugu biyu kafin par, a da ɗaya ko biyu ne. Sau ɗaya tak na wuce baya.

Akwai wani kuskure da na yi a tsakiyar wannan tafiya, gara in faɗa kafin wani ya maimaita. Da na fara jin daɗin taka-tsantsan, sai na wuce gona da iri, na bar direba a gida har wasa biyu. Hujjata ita ce Tiger Woods, wanda ya ci gasar Open ta 2006 a Hoylake, Ingila, ya zaro direba sau ɗaya kacal a ramuka 72. Abin da na ƙi tunawa shi ne filin ya bushe ƙamas a wannan shekarar, ƙwallo na gudu a ƙasa, kuma dogon ayon ɗinsa ya fi direbata nisa. Ni da na bar tawa sai na koma ina buga yadi 190 zuwa girin a ramukan par 4, nisan da ba ni da sandarsa. Na tashi da 104 da 106. Lissafin Mark Broadie na Jami'ar Kolombiya, wanda ya auna miliyoyin bugu, ya nuna kusantar rami yana da daraja sosai, matuƙar ba ka sayo shi da tara ba. Don haka direba ta dawo jaka. Ramuka uku kawai nake hana ta fita, waɗanda fararen turakun iyakar fili suke dama, inda karkatata take kai ni waje in biya bugu da nisa gaba ɗaya.

To, a ɗaya daga cikin ukun nan na karya dokar da kaina jiya. Rami na 14, par 5, na ga kati yana kyau sai kwaɗayi ya taso. Direba, dama, waje. Na buga wata ƙwallo ta ko-ta-kwana, ta shiga itatuwa. Maimakon in turo ta gefe zuwa fili da ayon 8, na hango wata 'yar kafa tsakanin itace biyu na ce zan wuce. Itacen ya dawo mini da ita bayan inda nake tsaye. Tara na rubuta. Ina tafiya zuwa ti na 15 ina tuna Jean van de Velde a Carnoustie a 1999, wanda shida kawai yake buƙata a ramin ƙarshe ya ɗauki kofin Open, ya zaro direba, ya bi ta ciyawa da rafi da yashi ya tashi da bakwai, Paul Lawrie ya cinye a wasan raba gardama. Shi aƙalla kofi yake nema. Ni 94 na mayar 97.

Awon ya tono mini wata ɓaraka kuma. Fichin weji ɗina digiri 44 ce, tana sauka a 104, ta yashi kuma 56, tana sauka a 72. Yadi 32 a tsakani babu sanda, kuma jiya sau huɗu na tsinci kaina a wajen 85 zuwa 90 ina ƙoƙarin rage bugu, abin da ban iya ba tukuna. Jakata ta cika 14, doka ba ta yarda da ƙari ba, saboda haka mai digiri 60 ce za ta fita, mai 50 ta shigo. Na riga na sa ta a kasuwa, har yanzu ba wanda ya taya. Idan akwai wanda ya iya da ita a cikinku, ya yi magana, sau goma sha ɗaya kawai aka buga ta.