Bayan an fito daga intabiyu: wasiƙa daga Manchester

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida, musamman ƙannena da suka gama bautar ƙasa suna zagaye da takardu, da waɗanda ke shirin ƙetarowa. Ina fata kuna lafiya. Ya iyali, ya haƙuri da tsadar rayuwa? Mu nan sai godiyar Allah, ga aiki ga ruwan sama da ba ya ɗaukewa.

Tambaya ɗaya ce ta fi yawa a saƙonnin da kuke turo mini: "Yaya, na yi intabiyu, sun ce za su neme ni, ga shi har yau shiru. In yi musu magana ko in bari?" Amsata ita ce ka yi magana. Sai dai yadda za ka yi ta, da lokacin da za ka yi ta, da wanda zai yi ta, nan ne mutanenmu suke asarar aikin da ya kusa shiga hannunsu, shi ya sa na ga gara in rubuta a fili kowa ya gani. Aikin jinya nake yi a wani asibitin gwamnati a nan, kuma akan sa ni cikin masu yi wa sababbin ma'aikata tambayoyi, don haka abin da idona ya gani zan faɗa.

Mu da muka taso a gida hanya biyu muka sani. Ta farko kunya: ba a tambayar babba, ba a nuna zalama, an ce za a neme ka to ka koma gida ka zauna ka yi ta addu'a. Ta biyu kamun ƙafa: a nemo kawu ko wani mai faɗa a ji ya ɗaga waya, tunda mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ban ga laifin wanda ya girma da wannan tunanin ba. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a hukumomin gwamnatin tarayya, kowa ya ji mutane suna ba da shaidar kuɗin da suka biya don a ɗauke su. Yaron da ya ji haka, da wuya ya yarda cewa saƙo mai layi huɗu da sunansa shi kaɗai zai iya amfana masa wani abu. Amma a nan, kunyar da kamun ƙafar duk cutar da kai za su yi.

Ga yadda abin yake daga cikin ɗakin. Mu biyu ne ko uku a kan tebur, kowa da takarda mai ɗauke da tambayoyi iri ɗaya da za a yi wa duk wanda ya shigo. Kana magana muna rubutawa, kowace amsa a ba ta maki. Idan na ƙarshe ya fita sai a rufe ƙofa, a haɗa maki, a sa hannu, a tura wa ofishin kula da ma'aikata. Sau da yawa a ranar an san wanda ya zo na ɗaya. To me ya kawo shirun? Wani lokaci shugabar sashen ce ta tafi hutu, musamman a watan Agusta ko daf da Kirsimeti, lokacin da ofisoshi suke zama kamar an yi shara. Wani lokaci ana jiran sa hannun mai kula da kasafin kuɗi. Wani lokacin kuma, kuma wannan ku riƙe shi da kyau, an kira na ɗaya ya ce a ba shi kwanaki ya yi shawara, sai a bar na biyu ba a ce masa e ba, ba a ce masa a'a ba, don kada a rasa shi. Shirun da ke hana ka barci yana iya zama alamar cewa kai ne na biyun.

Tun kafin ka tashi daga kujera ake fara bibiya. Idan an ce ko kana da tambaya, ka tambayi ranar da za a yanke shawara da hanyar da za a sanar da kai, waya ko imel. Babu wanda zai ɗauki wannan rashin kunya, mu kanmu daɗinta muke ji. Washegari kana iya tura gajeren saƙon godiya. A Amurka wannan ya zama al'ada sosai, a kamfanoni masu zaman kansu na nan ma yana da ɗan tasiri. A asibitin gwamnati kuwa ba zai ƙara maka ko maki ɗaya ba, don an riga an rufe takarda. Amfaninsa kawai a tuna da kai da alheri.

Idan ranar da suka faɗa ta wuce, ka ƙara musu kwana biyu ko uku na aiki, ban da Asabar da Lahadi, sannan ka rubuta wa wanda sunansa ke jikin takardar gayyata. Da Turanci za ka rubuta, amma ma'anar ba ta wuce haka ba: gaisuwa layi ɗaya, sai ka ce ni ne wane, na yi intabiyu ranar kaza a kan gurbin kaza mai lamba kaza, har yanzu ina son aikin, ko akwai labarin inda aka kwana, kuma idan ana buƙatar wata takarda daga wurina a shirye nake. Shi ke nan. Kada ka sa labarin mahaifiyarka da ba ta da lafiya, ko kuɗin hayar da ya taru, ko bizarka da ta kusa ƙarewa. Na san gaskiya ne, na san zafinsa, amma mai karantawa ba shi da ikon ƙara maki saboda tausayi, sai dai ka sa shi cikin takura. Bayan mako guda idan ba amsa, ka sake turawa sau ɗaya ko ka buga lambar ofis a lokacin aiki. Daga nan ka bar shi, ka ci gaba da neman wani.

Na taɓa ganin wani matashi daga yankinmu da ya yi ƙoƙari sosai a gaban tebur. Kwana biyu bayan nan wani dattijo ya bugo wayar sashenmu, ana tsakiyar raba magani, yana cewa shi kawun wane ne, a taimaka a duba masa yaro. Abokiyar aikina ta ajiye waya tana kallona cikin mamaki. Ka'ida ta hana ta tattauna maganar mai neman aiki da wani daban, don haka ba ta faɗa masa komai ba, sai dai abin ya zauna mata a rai. Dattijon da zuciya ɗaya ya yi, irin yadda duk kawu na gari zai yi a Kano ko Zariya. Ku roƙi iyayenmu su taya ku da addu'a, wayar kuma ku bar ta a hannunku. Haka nan kada ka binciko lambar manaja ka aika masa saƙon murya a WhatsApp da tsakar dare, ko ka yi masa filashin.

Wani ƙaramin abu da ke jawo babbar asara: kiran asibiti yakan shigo da ɓoyayyiyar lamba, mu kuwa mun saba ƙin ɗaga irin wannan. A kwanakin jira ka ɗaga kowane kira, ka buɗe akwatin ajiye saƙon murya, ka riƙa leƙa wurin da imel ke jefa saƙonnin da yake zargi. Wanda ke jira daga gida kuma ya tuna cewa daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Najeriya da Nijar yana gaban na Ingila da awa ɗaya, sauran watannin kuma lokaci ɗaya ne.

Idan amsa ta zo cewa ba a ɗauke ka ba, a nan ne bibiya ta fi daraja, kuma a nan ne kusan duk mutanenmu suke juya baya cikin ɓacin rai. Ka rubuta ka gode, ka roƙi a faɗa maka inda ka gaza. Mukan ɗauko takardar makin mu kira mutum mu ce masa, tambaya ta uku ka ba da amsa mai kyau amma ba ka kawo misalin abin da kai ka taɓa yi da hannunka ba. Wannan bayanin kyauta ne, kuma shi ne zai ci maka intabiyu na gaba. Na ga wata 'yar'uwa da ta yi haka cikin ladabi, da wani gurbin ya buɗe shugabar sashen da kanta ta tuna mata ta nema. A aikin gwamnatin Birtaniya ma akan ajiye sunayen waɗanda suka ci amma gurbi bai kai gare su ba, yawanci har tsawon wata 12. Dokar kare bayanan mutane ta 2018 ta ba ka damar neman abin da aka rubuta a kanka, a ba ka amsa cikin wata ɗaya, dokar daidaito ta 2010 kuma ta haramta a ƙi mutum saboda launinsa ko addininsa. Ka san da su, amma kada ka fara da su sai ka ga alamar zalunci a fili.

Idan kuma an bugo an ce an ɗauke ka, alhamdu lillahi, amma kada ka ajiye aikin da kake yi, kada ka sayar da fili, kada ka yanki tikiti. Tayin farko mai sharaɗi ne. Sai an tantance takardunka, da izinin aikinka, da lafiyarka, da shaidar cewa ba ka da laifi a wurin 'yan sanda, sannan a ji daga bakin waɗanda ka yi aiki ko karatu a ƙarƙashinsu cikin shekara 3 da suka wuce. A wannan gaɓar mai jawo maka jinkiri yawanci ba Bature ba ne. Malaminka ne na jami'a, ko shugabar ma'aikatan jinya ta tsohon asibitinka, da aka tura wa fom ta imel ɗin ofis wanda ba a buɗe ba tun bara. Nan ne wurin kashe kati da zuwa ƙafa da ƙafa. Ka je ka gaishe su, ka sanar da su saƙo na tafe, ka tabbatar adireshin da ka bayar yana aiki. Duk ladabin da aka koya mana a gida, ga inda zai yi maka rana.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Idan bayan intabiyu wani ya ce ka turo kuɗi don a fitar maka da takardar ɗaukar nauyin biza, ɓarawo ne. Wata dokar Birtaniya ta 1973 ta hana dillalan aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki don sun samo masa gurbi, in ban da 'yan sana'o'i irin su wasan kwaikwayo da tallan kaya. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 gwamnati ta soke lasisin ɗaruruwan kamfanonin kula da tsofaffi da marasa lafiya, dubban ma'aikata da suka zo ta hannunsu suka wayi gari ba aiki, cikinsu har da 'yan Najeriya da suka ci bashin miliyoyi kafin su taso. Daga Yulin 2025 an ma rufe ɗauko sababbin masu wannan aikin daga ƙasashen waje. Sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyin ma'aikata suna nan a shafin gwamnatin Birtaniya, kowa na iya dubawa kyauta kafin ya amsa wa kowa.

Masu neman aiki a bankuna, kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji a Kano, Kaduna, Abuja ko Maiduguri, yawancin abin da na faɗa ya shafe ku, don su ma da takardar maki suke aiki, kuma saƙo a rubuce suke so.

A gaida iyaye da yara. Allah ya ba kowa halaliyarsa.

Taku 'yar'uwa,
daga Manchester