Hadda da basira a wasan ces

Jiya na buga ces da wani yaro a intanet, wallahi farkon wasan kamar inji, ya haddace buɗewar Sisiliya (wani sanannen jerin motsin fara wasa) tsaf, amma ina kaucewa daga motsin da ke cikin littattafan ces sai ya tsaya cak lokacinsa na ta tafiya. Ni fa ban raina hadda ba, ko Magnus Carlsen, shahararren gwanin ces, wasanni ne jibge a kansa, hadda ke sa ka gane tsari da kallo ɗaya. Sai dai haddar da ba a san dalilinta ba tsakiyar wasa take ƙarewa. Shi ya sa Bobby Fischer, tsohon zakaran ces na duniya, ya fito da salon Chess960 a 1996, a hargitsa 'ya'yan wasan da ke layin baya, jeri daban-daban har 960, dole kowa ya yi tunani tun motsin farko. Irinsa nake so mu gwada, wa zai shigo?