Kafin ka sayi ƙaramar katafila ta hannu, fara duba ƙafarta

Yawancin masu neman ƙaramar katafila don sassabe da fitar da hanyar ruwa, inji suke fara saurara. Idan ya tashi da bugu ɗaya sai hankalinsu ya kwanta. Alhali abin da ya fi cin kuɗi a wannan mota yana ƙasa: sarƙa, rololi, giyar da ke jan sarƙa, da ƙafar gaba da sarƙar ke zagayawa. Waɗannan kan cinye kusan rabin abin da ake kashewa wajen kula da katafila. A tsohuwar ƙaramar mota kuwa, sabunta su gaba ɗaya yana iya kai kuɗin motar kanta.

Da farko dai girma. Komatsu D20 da D21 nauyinsu wajen tan 4 ne, ƙarfinsu kusan doki 40. Suna da sauƙin ɗauka, suna gyara fili da kyau, amma babban kututture ya fi ƙarfinsu. Ajin tsofaffin Caterpillar D3, John Deere 450, Komatsu D31 da Case 550 shi ne ya fi dacewa da haɗa aikin biyu: tan 6 zuwa 8, doki 60 zuwa 80. Nauyi ne ke ture abu. Motar da ba ta da nauyi sai dai sarƙarta ta yi ta juyawa wuri ɗaya tana cinye kanta.

To, ƙafar. A wanke taɓo tukuna, domin taɓo yana rufe aibi. Dubi haƙoran giyar baya, wadda ke jan sarƙa: lafiyayyu kansu a daƙushe yake da ɗan faɗi, waɗanda suka ƙare kuwa sun yi tsini sun karkata gefe guda. Da mota a kashe, zura hannu ka shafa bututun ƙarfen da ke haɗa gaɓoɓin sarƙa, inda haƙori ke kamawa. In ka ji gefe ɗaya ya baje ko ya tsage, ya ci. Wani lokaci ana juya su a ci ɗaya gefen, don haka ka shafa ɓangarorin biyu, ka san ko an riga an juya. Sai ka koma gaba. Giris ake ɗurawa ya tura ƙafar gaba don sarƙa ta ɗame. Idan ƙafar ta kai ƙarshen layinta kuma sarƙa tana nan a sake, ta miƙe ke nan, ba sauran ɗaurewa. Akwai masu cire gaɓa ɗaya don sarƙar ta yi kamar ta ɗame, saboda haka ƙirga gaɓoɓin ka gwada da adadin da ke littafin motar. Saukowar da ya kamata sarƙa ta yi a sama wajen santimita 5 ce a yawancin ƙananan motoci. Ɗamewa fiye da kima ma cin ƙarfe take yi. Rolar da ke yoyon mai ko ta daina juyawa kuwa, ta canji ce.

Faɗin takalmin sarƙa, wato farantan da ke taka ƙasa, ma abin tunani ne. Mai faɗi yana hana nutsewa a ƙasa mai laka, wanda mai fitar da hanyar ruwa ke buƙata. Amma a kan duwatsu da kututture yakan lanƙwashe, yana murɗa gaɓoɓin sarƙa. In filinka busasshe ne, matsakaici ya fi daɗewa.

Abu na biyu da ke karya mai saye shi ne juyawa. Tsofaffin motoci da kuloci da birki na kowane gefe suke juyawa. Wasu, kamar John Deere 350 da 450 na farko-farko, kulocinsu busasshe ne, wato ba a cikin mai yake aiki ba, in mota ta daɗe a ajiye tsatsa kan manne shi. Gyaran na buƙatar kwance kaya da yawa kafin a kai gare shi. Kada ka yarda da gwajin minti biyar. Bar ta ta yi aiki aƙalla rabin awa har mai ya yi zafi, ka cika wuƙar, wato faffaɗan ƙarfen gaba da ke ture ƙasa, da ƙasa, ka juya dama da hagu. Sannan ka kafa wuƙar a tudu ka tura: ya kamata sarƙoƙin biyu su juya tare. In ɗaya ta tsaya, kulocin wannan gefen yana zamewa. Kwance noti ka duba man giyar ƙarshe ta kowane gefe, wato wadda ke juya giyar da ke jan sarƙa. Ɓarɓashin ƙarfe a ciki dalili ne na haƙura da motar.

Inji kuwa, ka same shi a sanyaye. Baƙin mai da ya koma kalar madara, ruwa ya shiga. Kumfa a lagireto, ko hayaƙi mai ƙarfi daga bakin zuba mai, aiki ne babba ke jira. Agogon awa ba shaida ba ne, ana canja shi.

Don hanyar ruwa, nemi wuƙar da ke motsi ta fuska shida: sama da ƙasa, karkata dama da hagu, da sunkuyar da kusurwa ɗaya, ta dama ko ta hagu. Da kusurwar ake yanka rami mai gangaren gefe biyu, kaɗan-kaɗan, ana tura ƙasar waje. Ɗaga wuƙar ka kashe inji, in ta sauko da sauri silinda na yoyo ta ciki. Duba waldar hannuwanta da lakon kusoshinta. Amma rami mai zurfi, matsattse, ko wanda ruwa ke kwance a ciki, aikin injin haƙa mai cokali ne, katafila maƙalewa za ta yi.

Ga sassabe, rumfar ƙarfe mai kare direba wajibi ce, tare da raga a baya da farantan da ke rufe cikin mota ta ƙasa. Busasshiyar bishiya kan karye daga sama ta faɗo kan direba. Ganye da ƙirare kuma suna taruwa a kan farantan nan kusa da inji mai zafi, sai a riƙa kwashe su don gudun gobara. Idan za a sare bishiya kafin katafila ta zo, a bar kututture ya kai mita ɗaya ko fiye, a yanke saiwoyin gefe da kusurwar wuƙa, sannan a ɗaga wuƙar a tura daga sama a hankali, ba da karo ba.

Kafin ka biya, ɗauki lambar jikin motar ka kai wa masu kayan gyara, su tabbatar maka ana samun sarƙa, rola da farantan kulocinta, kuma cikin kwana nawa.