Abin da na koya wajen gano teburorin da suka canza a SQL Server

A wurin da nake aiki muna da rumbun bayanai na SQL Server, manhajar adana bayanai ta Microsoft, mai ɗauke da teburori masu yawa, kuma kowane dare sai an kwashe bayanansa zuwa wani rumbu na daban wanda ake fitar da rahotanni daga cikinsa. Da farko komai muke kwashewa, ko ya canza ko bai canza ba, har ta kai ga asuba na yi aikin bai ƙare ba. Sai aka ɗora mini nauyin samo hanyar da za mu riƙa sanin waɗanne teburori ne aka taɓa tun daga kwashewar da ta gabata, domin mu tsaya a kansu kaɗai.

Na fara dogara da sys.dm_db_index_usage_stats, wanda yake nuna lokacin da aka yi rubutu na ƙarshe a kan tebur, amma ban daɗe ba na watsar da shi, domin duk lokacin da aka sake kunna sabar, abin da ya tara yakan shafe. Daga nan na koma ga Change Tracking, tsarin bibiyar canje-canje da Microsoft ya shigo da shi a SQL Server 2008. Ana kunna shi a matakin rumbu, sannan a bi teburori ɗaya bayan ɗaya a kunna wa kowanne, kuma ba ya karɓar teburin da ba shi da mabuɗin asali (primary key), wato shaidar da ke bambanta kowane layi na tebur da sauran. Wannan sharaɗin kaɗai ya tona asirin wasu tsofaffin teburorinmu da aka gina ba tare da mabuɗi ba.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne, lambar sigar da tsarin yake bayarwa, wadda ke ƙaruwa duk lokacin da aka yi canji, ta rumbun gaba ɗaya ce. CHANGE_TRACKING_CURRENT_VERSION() zai gaya maka cewa wani abu ya motsa, amma ba zai ce maka a wane tebur ba ne. Dole ne ka ɗauko jerin teburorin daga sys.change_tracking_tables, ka tambayi kowanne ta hanyar CHANGETABLE, kana ba shi lambar da ka adana a kwashewar baya. Amsar da za ka samu ita ce mabuɗin layin da ya canza da harafin da ke nuna irin canjin, wato I idan sabon layi ne, U idan gyara ne, D idan gogewa ce. Ba ya riƙe abin da ke cikin layin kafin a canza shi; mai buƙatar wannan sai ya nemi Change Data Capture, wanda ya fi nauyi.

Darasin da ya fi yi mini zafi ya zo ne a hutun sallah. Aikin kwashewar ya tsaya na kwana huɗu ba wanda ya lura, alhali ni kuwa na bar wa'adin riƙe tarihin canje-canje a yadda ya zo, wato kwana 2, kuma sharewar da tsarin yake yi da kansa tana kunne. Da muka dawo na sake tayar da aikin, CHANGETABLE bai yi ƙorafin komai ba, ya dawo da ɗan abin da ya rage, wasu teburorin ma ya nuna kamar ba a taɓa su ba. Sai da masu duba rahoto suka ga alƙaluma ba su daidaita ba sannan na gano cewa tarihin kwanakin farko ya riga ya tafi. Laifina ne, domin an tanadi CHANGE_TRACKING_MIN_VALID_VERSION musamman don wannan: yana faɗin mafi ƙanƙantar lambar da har yanzu ake iya dogara da ita a kowane tebur, kuma idan lambar da ke hannunka ta gaza ta, babu makawa sai ka sake kwashe teburin dungurungum.

Tun daga ranar, wannan binciken ne matakin farko na aikin, kuma na ƙara wa'adin zuwa kwana 7. Na kuma kunna tsarin keɓewa na SNAPSHOT, ta yadda karanta lambar da karanta canje-canjen za su kasance cikin ma'amala (transaction) guda, wadda ke ganin bayanan a hali ɗaya daga farkonta har ƙarshenta, kada wani rubutu ya kutsa tsakaninsu ya ɓace mana. Binciken mafi ƙanƙantar lambar nan shi ne kuma ya ceto mu ranar da wani abokin aiki ya share tebur da TRUNCATE, domin wannan umarnin ba ya barin alamar D ko ɗaya, sai dai ya ɗaga mafi ƙanƙantar lambar teburin, aikin kuwa da ya ga haka sai ya sake kwashe shi daga farko.